Yadda Inna Ta Hau Kujerar Kyaftin

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarka, cike da girmamawa da kewar da ta daɗe tana taruwa. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa maka aikin gadar nan da ka ce ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kuma tsare ku a inda kuke. Mu nan gida alhamdu lillahi. Gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi tun da likita ya canza mata magani, har tana zuwa kasuwa da ƙafarta tana dawo mana da labarin kowa. Kawu ya ƙara keken ɗinki a shago, yanzu ko sallama sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Inna kuwa lafiyarta ƙalau, kuma labarinta ne ya sa na zauna na ɗauki biro, domin abin ya fi ƙarfin saƙon waya guntu-guntu.

Yaya, littafinmu ya fito. Ga shi nan a gabana ina rubuta maka, ƙamshin tawada bai gama barinsa ba, kuma kowane layi biyu sai na ajiye biro na sake taɓa bangonsa. Na san ka sha jin ina cewa muna aikin labarin zane, kana amsawa da Allah ya taimaka irin ta wanda bai gane ba amma ba ya son ya kashe wa mutum gwiwa. To bari in warware maka. Labari ne da ake bayarwa da hotuna jere cikin akwatuna, shafi bayan shafi, maganar kowa tana cikin da'ira a saman kansa. Namu ƙagaggen labarin kimiyya ne, sunansa Masu Jan Ƙanƙara, kuma zai riƙa fitowa kashi-kashi. A cikinsa mutane sun koma zama a wata duniya busasshiya wadda ba ta da ruwa ko ɗigo, don haka jirage ke tafiya can cikin sararin samaniya su fasa ƙanƙara daga jikin taurari masu wutsiya, su jawo ta gida. Jirginmu shi ne mafi tsufa a cikinsu, ana kiransa Randa. Ma'aikatansa matasa ne masu rawar kai, da wani mutum-mutumi mai suna Kwano wanda ba ya iya ƙarya amma ya ƙware a yin shiru lokacin da bai kamata ba. Mai jan ragamar su duka ita ce Kyaftin, dattijuwa wadda ta ba sittin baya.

Mu uku ne a aikin. Ni ke rubuta labarin, in faɗi abin da zai faru a kowane akwati da abin da kowa zai ce. Dogo ɗan Kawu shi ke zanawa, kuma ka san ya bar aikinsa na zanen allunan talla saboda wannan. Sai ƙawata da muke kira Malama, mai koyar da kimiyya a sakandare, ita ke zuwa bayan an tashi makaranta ta zuba launi a kwamfuta. Kawu ya ba mu ɗakin da ke saman shagonsa. Teburinmu tsohuwar ƙofa ce da muka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, kekunan ɗinki na ta kaɗawa a ƙarƙashinmu, fanka kuma na neman kwashe takardu, sai mun danne su da tsofaffin almakasan Kawu. Dogo yakan fara da 'yan ƙananan zane na gwaji kamar girman akwatin ashana, mu yi ta musu a kansu, sannan ya zana da fensir, ya bi da tawada. Siffar Randa kuwa daga garejin makanikan da ke tsallaken titi ta fito. Ya roƙo tsohuwar kafireta da injin fanka da gindin dutsen guga, ya manne su wuri ɗaya, ya rataye a silin da zaren Kawu, yana juya abin yana zana shi ta kowace fuska.

Da ka ga yadda Malama ke tsare mu da kimiyya da ka yi dariya. Akwai shafin da wani dutse ke fashewa a gefen jirgi, na sa a rubuta rugugu da manyan baƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗauki jan biro ta soke, ta ce babu iska a can, don haka babu ƙara, ko dutse ya fi gari girma shiru zai fashe. Na yi fushi na ce ta kashe mini shafi. Da Dogo ya zana shi ba ko harafi ɗaya, sai ga shi tsigar jikin mutum na tashi, domin kana ganin bala'i yana tahowa ba ka jin komai. Dole na sauke kai na ba ta haƙuri. Wata rana kuma muka rasa yadda mayafi zai tsaya a inda ba nauyi, sai muka cika baho da ruwa muka nutsa ɗankwalina, Dogo ya durƙusa yana zana yadda yake lilo, ruwan ya tsiyaya ƙasa ya ɗiga a kan yadin wata mata, Kawu ya hawo da tef a wuya yana tambaya ko wanki muka koma yi. Kalmomi ma sai da muka ƙera wasu. Ɗan ɗakin da mutum ke tsayawa a zuƙe iska kafin ya fita daga jirgi, mun yi ta juya shi har muka tsaya a kan zauren iska, kuma yanzu ko Kawu haka yake kiran matakalar bene.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne fuskar Kyaftin. Dogo ya zana fuskoki har bango ya cika, babu wadda ta zauna mini. Rannan Inna ta zo shago karɓar ɗinki, ta tarar wani mai babbar mota ya kasa juyawa ya toshe titi, ana ta masa ihu. Ta fita ta tsaya a gabansa, ta ɗaga hannu ɗaya, kowa ya yi tsit, ta riƙa nuna masa yadda zai karya sitiyari har ya fita sumul. Dogo yana taga da fensir. Da ya miƙo mini takardar sai da na zauna. Ashe tun farko Inna nake rubutawa ban sani ba. Shekarun nan da ta yi tana tuƙa motar makaranta bayan rasuwar Baba, da kallon nan da take yi ta madubi mota cike da yara ta yi shiru, da yadda take magana da inji kamar tsohon abokin faɗa, duk suna jikin Kyaftin. Muka shirya ba za mu gaya mata ba sai littafi ya fito, mu ba ta mamaki.

Da muka gama kashi na farko muka kai wa editar kamfanin da ya nuna sha'awar bugawa. Mace ce mai kaifin ido, ba ta zagaye-zagaye. Ta yaba zanen, ta yi dariyar Kwano, sannan ta kawo gyara biyu. Ta ce farkon labarin yana jan ƙafa, kuma matasa ba za su miƙa hannu ga bangon littafin da tsohuwa ke kai ba, a mayar da Kyaftin budurwa. Na fito daga ofishin kaina na hayaƙi. Bayan kwana kaɗan na tarar Dogo ya zana wata yarinya siririya mai idanu tar-tar sanye da kayan Kyaftin. Ya ce gwaji kawai ya yi, kuma in tuna shi ba shi da albashin da zai koma wa idan aka rufe mana ƙofa. Na faɗa masa maganganun da suka fi ƙarfin laifinsa, shi ma ya ce na mayar da aikin mutum uku nawa ni kaɗai. Muka daina magana. Teburi ɗaya muke zaune, amma ko abin goge fensir nake so sai in ce wa Malama ta ce masa.

Kawu ne ya kai ƙararmu wurin Inna, ya ce yaran nan sun yi shirun da bai yarda da shi ba. Wata la'asar muka ji takun ƙafa a matakala, kafin mu ankara tana tsakiyar ɗaki, bango huɗu kuwa fuskarta ce. Inna cikin kwalkwali, Inna tana daka wa Kwano tsawa, Inna tana leƙen taurari ta taga. Da farko dariya ta yi, ta ce wa ya ba mu izinin sa ta cikin wannan buhun, kuma me ya sa Dogo ya ƙara mata hanci. Ta riƙa bin bango a hankali hannunta a baya, har ta iso wani shafi da na manta yana manne a wurin. A shafin Kyaftin tana zaune ita kaɗai a ɗakin tuƙi kafin ma'aikata su tashi, ta rufe fuska da tafin hannu tana kukan mijinta da jirginsa ya ɓata shekaru da suka wuce. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, wa ya gaya mini. Na ce ba kowa. Na ce ina ƙarama nakan farka da sassafe idan ta fita ɗumama mota, in leƙa ta labule, in ga kafaɗunta na rawa. Ta ce mu sauke fuskarta daga bangon, mu bi shawarar editar, ita ba abin kallo ba ce. Ta sauka ko sallama ba ta yi ba.

Yaya, ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa irin ranar ba. Ina ta faɗa da edita da Dogo a kan Kyaftin, ashe mai fuskar ce ba ta so. Dogo ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce idan Inna ba ta yarda ba zai sake zana kowane shafi da ke da Kyaftin, ko hannunsa zai kumbura, domin shi ya fara ɗaukar fuskarta ba tambaya. Faɗanmu a nan ya mutu. Muka yanke cewa maganarta ce ta ƙarshe, ko da hakan zai sa mu wuce lokacin da kamfani ya ba mu, mu rasa damar baki ɗaya. Abu ɗaya kawai na roƙa. Na haɗa shafukan duka na kai mata ɗaki, na ce ta karanta daga farko zuwa ƙarshe, duk abin da ta ce bayan nan shi za a yi, ba zan ƙara ko kalma ba. Ta nuna mini kan teburi da haɓa. Kwanakin da suka biyo baya muna gaisawa, muna cin abinci tare, ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban isa ba.

Ran nan da hantsi ta aika a kira Dogo, ta zaunar da mu a falo, tabarau a hanci, shafukan a cinya. Ta ce Kwano ya ba ta dariya har ta ƙware da shayi, kuma yaran jirgin sak irin waɗanda ta yi fama da su ne a kujerar baya. Sannan ta zaro shafin kukan ta ce wannan ba daidai ba ne. Ta ce ita ba ta taɓa rufe fuska da hannu ba, direba ba ya sakin sitiyari ko mota na tsaye. Hannu biyu take riƙewa, ta ɗan taka totur don ƙarar inji ta rufe muryarta kada mu ji daga ɗaki, in ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara madubi, ta sa giya. Ta ce ranar da ta ga shafin a bango kunya ce ta kama ta, tana ganin za a nuna wa duniya rauninta. Amma da ta juya shafi ta ga matar nan ta miƙe ta ratsa da jirgi ta cikin ruwan duwatsu da yaran mutane a bayanta, sai ta tsaya tana kallonta kamar wata baƙuwa, har ta ji tana tausaya mata tana kuma jinjina mata. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kanta daga waje ba. Idan za mu nuna, mu nuna yadda abin yake.

Sai ta ce Dogo ya ɗauko fensirinsa. Ta gyara zama a kan kujerar cin abinci, ta ɗauki faranti ta riƙe shi da hannu biyu kamar sitiyari, ta miƙa ƙafar dama gaba, ta kafa ido a bango. Dogo yana zane, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Da ya gama ta duba ta ce yanzu ya yi, amma maganar hanci tana nan. Sabon shafin shi ne mafi kyau a littafin, ba don ni na rubuta ba. Babu magana a ciki ko ɗaya. Akwatin farko hannaye ne a kan abin tuƙi, jijiyoyi sun tashi. Na biyu ƙafa ce a kan totur. Ƙugin injin kuma mun rubuta shi ya zagaye shafin kamar bango, ita tana tsakiya. Malama ta ce wannan karon ta yarda da ƙara, tun da a cikin jirgi ne akwai iska, tana faɗa tana jan hanci.

Muka koma wurin edita mu uku. Na ce mata Kyaftin tana nan yadda take, amma a kan farkon labari gaskiyarta ce. Malama ce ta kawo dabarar da ta haɗa kan kowa. Yarinyar nan da Dogo ya zana, wadda na kusa yaga, ita ta zama sabuwar ma'aikaciya da ta shigo Randa ranar farko, da idonta mai karatu zai ga jirgin, ita ce kuma za ta fara shan kallon madubi. Dole na yanke shafukan tarihin duniyar da na fi ji da su, kuma da na yanke sai labarin ya tashi da gudu. Editar ta karanta a gabanmu, ta tsaya a shafin Inna fiye da sauran, sannan ta ce a sa su biyu a bangon littafi, dattijuwar a gaba. Ba ta ɓoye mana ba cewa har yanzu tana da shakka a kan kasuwa. Ta ce kashi uku za su buga, idan masu karatu sun karɓa a ci gaba har ƙarshen tafiyar a kashi na shida, idan ba su karɓa ba Randa ta tsaya a tsakiyar hanya. Saboda haka ka sa mu a addu'a, ba mu tsallake ba tukuna.

Ranar bugu mun je maɗaba'a. Na tsaya gaban injin nan mai tsawon ɗaki yana tofo fuskar Inna ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, har jiri ya fara ɗibata. Malama ta tsare mai injin a kan shuɗin ƙanƙara, ta ce ya yi kama da na bokitin roba, sai da ya sake haɗa launi ta yarda. Da kwalaye suka iso, Inna ce ta fara yanka igiya. Ta ɗebi nata ta tafi tsohon garejin motocin makaranta ta raba wa direbobin da suka yi aiki tare, suka zagaye ta suna karantawa da ƙarfi suna kwaikwayon muryar Kwano. Tun ranar babu mai kiranta da wani suna a can sai Kyaftin, kuma tana amsawa. Mai kantin littattafai na bakin titinmu ya ce wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya cak a gaban bangon littafin, ta ce wallahi ta san wannan hararar, ita ce ta hana ta tsalle a mota tana firamare, ta sayi biyu. Kason farko da muka kai masa ya ƙare, ya aiko a ƙaro. Kanti ɗaya ne, na sani, amma ni da Dogo sai da muka yi rawa a saman shago har Kawu ya buga silin da sandar awo.

Yanzu Inna ta sa ni gaba sai na gaya mata abin da zai sami Kyaftin a gaba. Na ce sirrin aiki ne. Ta ce to in sani, idan na kuskura na kashe ta, in nemi gidan da zan riƙa cin abinci. Na haɗo maka littafi biyu da wannan takarda, ɗaya naka ɗaya na yara, ka karanta ka gaya mini gaskiya ba irin ta lallashin ƙanwa ba. Akwai kuma roƙo. A kashi na biyu Kyaftin tana da babban ɗa da ke gina tashar jirage a wata duniya mai nisa, mai aiko saƙo gajere yana cewa komai lafiya ko da ba lafiya ba. Dogo bai zana fuskarsa ba tukuna. Wannan karon tambaya muke yi kafin fensir ya taɓa takarda, kuma idan ka ce a'a ba wanda zai ji haushi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina nan ina jiran hukuncinta, don na san ita za ta riga ka gamawa. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Baba da ɗan autanku. Gwaggo tana gaishe ku, Kawu ma haka, ya ce a faɗa maka shi ne mai gidan hayar Randa. Dogo da Malama sun ce a miƙa gaisuwarsu da girmamawa. Inna kuwa na tambaye ta ko tana da saƙo, ta riƙa juya littafin a hannu, sannan ta tambaye ni a kashi na nawa jirgin zai isa gida. Na ce na shida, in Allah ya yarda. Ta ce in rubuta maka cewa ka nemi hutu tun yanzu, ita ba za ta buɗe na ƙarshen ba sai kana zaune a falon nan tare da mu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta